Idan Yesu ya ɗauke zunubi, wa zai biya ni kuɗin takina?

Tambayar ta fito ne daga wani bawan Allah mai shago a cikin birnin Katsina. Ga yadda ya rubuto ta:

"Fasto, ni Musulmi ne, taki da maganin feshi nake sayarwa. Daminar bara na ba wani manomi Kirista daga wajen Kafur buhu 10 na taki bashi, a kan sai kaka. Kaka ta yi, ya sayar da masararsa, ko sisi ban gani ba. Da na matsa mashi sai ya ce shi ya riga ya tuba a coci, Yesu ya ɗauke zunubansa duka, in je in ji da Allah. Don Allah haka addininku ya ce? Kuma ina ji ana cewa kuna gadon zunubin Annabi Adamu, kuma wani ya ɗauki laifin wani. In haka ne, wane hisabi ya rage muku a lahira?"

Malam, sannu da haƙuri. Allah ya fito maka da haƙƙinka. Bari in fara da wanda ya fi ci maka rai: kuɗin takinka suna nan daram a wuyan mutumin nan, a gaban mutane da gaban Allah. Babu ɗarikar Kirista ko ɗaya, ECWA ce, Katolika ce, Anglikan ce ko Baptis, da za ta sa hannu a kan abin da ya faɗa maka. Na daɗe ina kiwon ikilisiya a ƙasar Malumfashi da Kafur, na kuma koyar a makarantar Littafi Mai Tsarki, kuma ɗalibin da ya rubuta mini irin wannan amsa a jarrabawa ya faɗi ke nan.

Sai dai mutumin bai tsinci maganar a ƙasa ba. Gaskiya ya samu, ya yanki rabinta ya yi garkuwa da shi, kuma ba zan ɓoye maka wannan rabin don in wanke addinina a idonka ba. Mu Kirista mun gaskata cewa mutum ba ya sayen gafarar Allah da aikin hannunsa, azumi ne, sadaka ce, ko yawan zuwa sujada. Kyauta ce ta wurin mutuwar Yesu Almasihu da tashinsa, ana karɓarta da tuba da bangaskiya. Haka Manzo Bulus ya rubuta wa Afisawa a sura 2, aya 8 da 9, cewa ceto ta alheri ne, ba ta ayyuka ba, don kada wani ya yi fariya. Masu halin abokin cinikinka a nan suke rufe littafin. Aya ta 10 da ke biye kuwa cewa ta yi an halicce mu cikin Almasihu ne domin mu yi kyawawan ayyuka.

Wayon nan tsoho ne, tun manzanni suna da rai aka fara shi. Bulus da kansa ya jefa tambayar a farkon Romawa sura 6, wai ko mu ci gaba da zunubi don alheri ya ƙaru, ya kuma amsa da cewa faufau, wanda ya mutu ga zunubi ta yaya zai ci gaba da zama a cikinsa. Yakubu, wani daga cikin marubutan Sabon Alkawari, ya fi shi zafin baki. A sura ta 2 ta wasiƙarsa ya ce bangaskiyar da ba aiki a tare da ita matacciya ce, ya ƙara da cewa in don gaskata Allah ɗaya ne, ai aljanu ma sun gaskata, har rawar jiki suke yi. Duk wannan ba a wani harshe yake ɓoye ba. Littafi Mai Tsarki cikakke yana cikin Hausa tun 1932, kowane manomin da ya yi ajin baftisma an karanta masa waɗannan ayoyi.

To, ga abin da ya shafi haƙƙin mutum a kan mutum. A Attaura, Littafin Firistoci sura 6, aya 1 zuwa 7, an jera irin laifin nan ɗaya bayan ɗaya: wanda aka ba ajiya ya musa, wanda ya ci jingina, wanda ya ƙwace, wanda ya zambaci maƙwabcinsa, wanda ya tsinci abu ya yi rantsuwa bai gani ba. Hukuncin shi ne ya mayar da abin cif, ya ɗora kashi ɗaya cikin biyar a kai, ya damƙa wa mai shi, ya kuma kai ragon hadaya wurin firist a roƙa masa gafara. Ka lura da wanda aka fara ambata. Mai kaya aka sa a gaba, ragon a baya. Littafin Ƙidaya sura 5 ma ya toshe wata kafa, ya ce ko wanda aka cuta ba ya nan kuma ba shi da dangin da za a biya, abin ba ya komawa aljihun macuci, a kai wa Ubangiji ta hannun firist.

Wani zai ce ai wannan Tsohon Alkawari ne. Yesu bai sassauta shi ba. A Matta sura 5, aya 23 da 24, ya ce in ka kawo baikonka gaban bagade, sai ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka ajiye baikon a nan, ka je ku shirya tukuna, sa'an nan ka dawo ka miƙa. Wato an tsayar da ibada a tsakiyarta saboda haƙƙin mutum. Sai kuma labarin Zakka a Luka sura 19, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, wanda ya yi dukiya da kuɗin talakawa. Ranar da Yesu ya sauka a gidansa, ya miƙe a gaban jama'a ya ce rabin dukiyarsa ya ba matalauta, duk wanda ya zambata kuma zai mayar masa ninki huɗu. Ninki huɗun nan ba daga kansa ya ƙago ba, shi ne hukuncin ɓarawon tunkiya a Fitowa sura 22. Mutumin ya sa kansa a sahun ɓarayi da bakinsa. Bayan wannan ne Yesu ya ce yau ceto ya shigo gidan nan. Ba mu cewa kuɗin ne suka saya masa ceto. Muna cewa da kuɗin sun ci gaba da kwana a akwatinsa, da babu wanda zai yarda wani abu ya faru a zuciyarsa.

Zabura 37 aya 21 kuwa kamar don mutuminka aka rubuta ta: mugu yakan ci bashi ya ƙi biya.

Malaman ikilisiya na farko a haka suka fahimci abin. Agustin, bishop na Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya, wanda ya rasu a shekarar 430, ya rubuta wa wani babban jami'in gwamnatin Romawa cewa in mutum yana da halin mayar da abin da ya ƙwace ya ƙi, to ba tuba ya yi ba, kwaikwayon tuba ya yi. 'Yan Katolika sun tsara abin sosai. Tun 1215 aka wajabta musu furta zunubi gaban Fada, wato limaminsu, aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma babban taron Tirento, wanda aka yi tsakanin 1545 da 1563, ya ce abu uku ake nema wurin mai tuba: nadama, furtawa, da gyara abin da ya ɓata. Fada ba zai taɓa faɗa wa kowa abin da ya ji a wurin furtawa ba, amma zai gaya wa mai furtawar cewa kayan mutane sai sun koma. In mutuminka ɗan Katolika ne, yanzu ma ba sai an dangana da Sakkwato ba, tun 2023 Katsina ta samu nata dayosis, wato yankin da bishop ɗaya yake kula da shi, da Bishop Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi, a kan kujera.

Mu a ECWA, wadda ta fito daga aikin wata ƙungiyar mishan mai suna SIM ta tsaya da ƙafarta a 1954, ba mu da furtawa gaban Fada. Abin da muke da shi horo ne. Bari in nuna maka yadda yake a aikace. A wani ƙauye da na yi aiki, wani ɗan ikilisiya ya riƙa cin iyakar gonar maƙwabcinsa, wani dattijo Musulmi da idonsa ya fara rauni. Kowace shara sai ya tumɓuke gambar iyaka ya matsar da ita kunya ɗaya ko biyu. Da 'ya'yan dattijon suka farga, magana ta iso wurinmu. Ranar Lahadi bayan an tashi sujada muka jera benci a bayan majami'a. Mutumin bai yi musu ba. Ya durƙusa, hawaye shaɓe-shaɓe, ya ce Shaiɗan ne ya ruɗe shi, ya roƙi Allah gafara, mu ma mu yi masa addu'a. Wasu sun fara tausaya masa, har an fara neman wanda zai buɗe da addu'a. Sai wani tsohon dattijon ikilisiya, wanda ko sunansa ba ya iya rubutawa, ya gyara zaman hularsa ya ce, "To, mun ji. Gambar fa, tana ina yanzu?" Wuri ya yi tsit. Gamba dai tana inda ya kai ta. Aka sa shi a horo: ya sauka daga riƙon kuɗin zumuntar maza, ba ya cin jibin Ubangiji, wato abincin da masu bi suke ci tare a coci don tunawa da mutuwar Yesu, zamansa a bencin baya inda kowa ke ganinsa. Bai fita ba sai da ya je da mai unguwa da dattawa biyu aka mayar da gamba mazauninta, ya kuma auna wa dattijon dawar da ya ci a kan wannan tsirin na damina biyu. Tsohon nan bai san cewa Maimaitawar Shari'a sura 27 ta la'anci mai kawar da iyakar maƙwabcinsa ba sai da na karanta a wurin, amma ya san tuba in ya gan ta.

Don haka shawarata, ka nemi sanin majami'ar da mutumin yake zuwa. Ka je wurin faston da kanka, ko ka aiki wanda ya san garin, da littafin da ka rubuta bashin da wanda aka yi abin a gabansa. Kada ka ji nauyin cewa kai Musulmi ne. Ƙarar da ta fito daga waje ta fi yi wa dattawa ciwo, domin sunan ikilisiya ne ake ja a ƙasa. Za su kira shi su ji ta bakinsa, kuma dole ne su ji, don Karin Magana sura 18 ta ce mai fara kai ƙara shi ake gani da gaskiya sai abokin shari'arsa ya zo. In ta tabbata masarar ba ta yi ba, ko wata lalura ta cinye kuɗin, sai a yanka masa lokaci ya riƙa biya kaɗan-kaɗan, wannan rashin hali ne, daban yake da taurin kai. In kuwa yana da shi ya hana, kuma ya ƙi jin dattawa, ƙofar hukuma a buɗe take. Romawa sura 13 ta ce mai mulki ba a banza yake riƙe da takobi ba, kuma a surar nan ce aka ce a ba kowa haƙƙinsa, kada bashin kowa ya zauna a kanmu sai na ƙauna.

Mai yiwuwa ya jawo maka misalin bawa marar gafara na Matta sura 18, don masu cin bashi suna ƙaunar wannan misali. Sarki ya yafe wa bawansa talanti 10,000. Talanti ɗaya dinari 6,000 ne, dinari kuwa ladan ƙwadagon yini ɗaya, ka ga talanti ɗaya kaɗai ya kai aikin wajen shekara 20. Bawan ya fita ya shaƙe wuyan ɗan'uwansa a kan dinari 100, ladan wata uku da 'yan kwanaki. Gargaɗin yana da nauyi, kuma ni Kirista yana kaina duk ranar da wani ya ci amanata. Amma wa aka yi wa shi? Mai bin bashi. Ba a ba wanda ake bi wannan aya ya riƙa kaɗa wa mutane a fuska ba. Ƙaramin mai bashin da ke cikin misalin ma cewa ya yi a yi masa haƙuri zai biya. Yafewa taka ce, in ka ga dama ka yi, in ka yi Allah ya saka maka. Shi ba shi da ikon yafe wa kansa kuɗinka.

Yanzu maganar Adamu. Ezekiyel sura 18 ta yi magana ƙarara. Mutanen Isra'ila a lokacin bauta a Babila suna da karin magana cewa ubanni sun ci 'ya'yan inabi masu tsami, haƙoran 'ya'ya suka mutu. Allah ya hana su faɗinta. Ya ce wanda ya yi zunubi shi zai mutu, ɗa ba zai ɗauki laifin uba ba, uba ba zai ɗauki laifin ɗa ba. Na san wannan ya yi kama da abin da Alƙur'ani ya maimaita a Suratul An'am da Isra'i da Faɗir, cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin wani. A gefe guda kuma Romawa sura 5 ta ce ta wurin mutum ɗaya zunubi ya shigo duniya, mutuwa ta biyo shi, ta bazu ga kowa. Abin da dukan Kirista suka haɗu a kai shi ne, mun gāji lalacewar hali da mutuwa daga Adamu. Zuciya ta karkace tun daga tushe, shi ya sa ba a koya wa yaro ƙarya amma sai an sha wahala a koya masa gaskiya. Wani malami daga Birtaniya mai suna Pelajiyus ya musa wannan, ya ce kowa ana haifarsa sumul kamar Adamu kafin faɗuwa, kuma da ƙoƙarinsa zai iya zama marar zunubi. Agustin ya ja da shi, taron bishop-bishop a Kartaj, a Tunisiya ta yau, ya ƙi koyarwar a shekarar 418. Inda aka rabu shi ne ko laifin Adamu kansa ana lissafa mana shi. Mabiya koyarwar Kalbin, wani babban malamin Furotesta, sun ce e, domin shi ne wakilin zuriyarsa. Ikilisiyoyin Gabas sun fi karkata ga cewa mutuwa da rauni muka gāda, ba laifin ba. Katolika suna cewa hali ne da aka haife mu a ciki, ba laifin da mutum ya aikata da kansa ba. Amma duk wuraren da Littafi ya zana ranar shari'a, abin da mutum ya yi da jikinsa da bakinsa ake tambayarsa. Ban taɓa karanta inda aka tsayar da wani aka ce ya ba da lissafin 'ya'yan itacen da Adamu ya ci ba.

A nan ina da ƙorafi a kan wasu masu wa'azi na zamani. Yawancinmu Hausawa Kirista na kudancin Katsina kakanninmu Maguzawa ne, sun yi bori, sun yi tsafi. Sai ka ga an tara jikokinsu ana gaya musu duk talaucinsu da rashin aurensu la'anar kakanni ce, su kawo kuɗi a karya ta. Gaskiya ne Fitowa sura 20 ta yi maganar alhakin ubanni yana bin 'ya'ya har tsara ta uku da ta huɗu, kuma kowa ya ga yadda gidan mashayi yake ƙarewa ya san ɓarnar uba tana taɓa 'ya'ya. Amma da almajirai suka tambayi Yesu a Yohanna sura 9 ko zunubin wa ya sa aka haifi wani makaho, nasa ko na iyayensa, cewa ya yi ba ko ɗaya. Mutumin da aka koya wa ɗora komai a kan kakansa, da wuya ya ce ni na yi.

Sai babbar tambayarka, ta yaya wani zai ɗauki laifin wani. A nan ne muka rabu da ku da gaske, kuma ba zan shafa mata mai ba. Ku ba ku yarda an gicciye Annabi Isa ba, Suratun Nisa'i ta faɗi haka, mu kuwa addininmu gaba ɗaya a kan gicciyen da tashin yake tsaye. Abin da nake so ka gane shi ne yadda mu muke ganin abin daga ciki. Ba mu cewa Allah ya kamo wani bawan Allah da ba ruwansa ya hukunta shi a madadin masu laifi. Da haka ne, da zalunci ne. Muna cewa Allah ne kansa cikin Almasihu yake sulhunta duniya da kansa, kamar yadda 2 Korintiyawa sura 5 ta faɗa. Kai ɗan kasuwa ne. Ranar da ka ja layi a kan sunan wani a littafin bashi ka ce ka yafe, kuɗin ba su narke ba, kai ka ɗauki asarar, daga uwar kuɗinka ta fita. Haka muke fahimtar gicciye: wanda aka yi wa laifin shi ya ɗauki asarar a kansa. Kana iya ƙin yarda da wannan, amma ka ga ko a yadda muka faɗe shi, abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa aka biya. Ba a ce Yesu ya biya mai taki ba.

Kuma gafarar Allah ba ta share sakamako a duniya. Na san ku ba ku jingina wa annabawa irin wannan laifi, amma a littafinmu, 2 Sama'ila sura 11 da 12, Sarki Dauda ya ɗauki matar Uriya ya kuma sa aka kashe mijin a bakin dāga. Annabi Natan ya tsare shi, ya amsa laifinsa, Natan ya ce Ubangiji ya kawar da zunubinka, ba za ka mutu ba. A zama ɗaya kuma aka gaya masa takobi ba zai rabu da gidansa ba. Jaririn ya mutu, ɗansa Absalom ya kashe ɗan'uwansa Amnon, daga baya ya kori uban daga Urushalima. An gafarta masa, ya kuma girbi abin da ya shuka har tsufansa. Ɓarawon da ya tuba a kan gicciye kusa da Yesu ma, wanda masu jinkirta tuba suke fakewa da shi, kafin ya roƙi komai cewa ya yi hukuncin da ake yi musu, shi da ɗaya ɓarawon, daidai ne, sakamakon aikinsu suke karɓa.

Game da hisabi, Ibraniyawa sura 9 ta ce an ƙaddara wa mutum ya mutu sau ɗaya, bayan haka sai shari'a. Shahadar bangaskiya ta Nikiya, wadda aka tsara a 325 aka cika ta a 381, kuma ake karantawa a majami'u da yawa har yau, ta ce Yesu zai sāke dawowa ya yi wa rayayyu da matattu shari'a. A wurinmu shi ne alƙalin ranar. Kirista kuma ba a ɗauke masa tsayuwar ba. Ga masu bi Bulus ya rubuta cewa dukanmu za mu bayyana gaban kursiyin shari'ar Almasihu, kowa ya karɓi sakamakon abin da ya yi cikin jiki, nagari ko mugu. Yesu ya ce ko maganar banza sai an ba da lissafinta. Ya ce a ranar da yawa za su zo suna Ubangiji, Ubangiji, har suna tuna masa annabci da mu'ujizan da suka yi da sunansa, ya ce musu bai taɓa saninsu ba. A Matta sura 25, inda aka raba tumaki da awaki, abin da aka duba shi ne mai yunwa, mai ƙishi, baƙo, marar tufa, marar lafiya da ɗan kurkuku, me aka yi musu. 1 Korintiyawa sura 6 kuwa ta sa ɓarayi da masu haɗama da mazambata cikin waɗanda ba za su gāji mulkin Allah ba, kuma ga 'yan ikilisiya aka aika da wasiƙar.

Za ka ce to yaya wannan ya haɗu da ceto kyauta. Bambancinmu da ku shi ne mu ba mu sa zuciya ga mizani, wato kyawawanmu su rinjayi munananmu. Mun ɗauka in a kan awo ne, babu mai tsira. Dogararmu ga Almasihu take. Ayyuka kuwa su ne shaidun da za a kira su faɗi ko dogarar nan ta gaske ce ko ta fatar baki. Itace da 'ya'yansa ake saninsa, in ji Yesu. Bayan wannan akwai lada da asara a tsakanin waɗanda suka tsira ɗin ma. 1 Korintiyawa sura 3 ta yi maganar wanda aikinsa zai ƙone ƙurmus, shi ya tsira da ƙyar kamar wanda ya kuɓuta ta cikin wuta. Hukunci ma ba kai ɗaya ba ne. Luka sura 12 ta ce bawan da ya san nufin ubangidansa ya ƙi yi zai sha dūka da yawa, wanda bai sani ba kaɗan, domin wanda aka ba da yawa za a nemi da yawa a hannunsa. Yakubu ya ce mu masu koyarwa shari'armu ta fi tsanani, ayar da ba na jin daɗin karantawa amma ba ni da ikon tsallake ta.

Katolika sun ƙara da furgatori, halin tsarkakewa bayan mutuwa ga wanda ya mutu cikin alherin Allah amma da sauran dauɗa a jikinsa. Mu ba mu karɓi wannan ba don ba mu gan shi a fili cikin Littafi ba. Sayar da takardun sassauta horon furgatori ne ma ya tunzura Martin Luta a Jamus a 1517, kuma batu na farko cikin 95 da ya rubuta cewa ya yi dukan rayuwar mai bi tuba ce. An daɗe ana jayayya a kan matsayin ayyuka, har a 1999 Katolika da Lutaran, mabiya Luta, suka sa hannu a birnin Ogsbag a kan cewa ta alheri kaɗai ake karɓar mutum, kuma Ruhu Mai Tsarki yana sabunta zuciya ya kira ta ga kyawawan ayyuka. Saɓani bai ƙare duka ba, amma ba a kan ko za a biya bashi ake yinsa ba.

In ka tambaye ni ko mutuminka ɗan wuta ne, wannan ba a hannuna yake ba, ba kuma a hannun wani fasto ba. An hana mu yanke hukunci tun lokaci bai yi ba, don mu zahiri muke gani. Iyakar dattawa su hana shi jibi, su kuma gaya masa ayoyin da ke kansa. Ko da ta Allah za ta kasance a kansa kafin ya biya, kada ka yaga shafin bashinsa. A ikilisiyoyin da na yi aiki, kafin a rufe taron jana'iza akan yi shela cewa duk mai bin mamaci ko wanda mamaci yake bi ya ga iyali, kamar yadda kuke yi. Daga abin da ya bari ake fitar da bashi kafin magada su taɓa komai, kuma fasto ko dattijo yakan zauna a wurin lissafin.